Ruwa Daban, Iri Daban: Abin Da Ɓera Da Alfadari Suka Nuna Game Da Haihuwar Namiji



A zaman da muke yi ranar Asabar bayan rabon kayan abinci, akwai wata magana da ke yawan dawowa, kuma kusan kullum daga bakin mata take fitowa, a keɓe, murya ƙasa-ƙasa. Aure ya kai shekara huɗu ko biyar ba a samu ƙaruwa ba, waya kuma ba ta daina zuwa daga gida. Uwar miji na tambaya, dangi na kawo shawarar ƙarin aure. Matar ta sha jiƙo, ta je asibiti an yi mata hoto, an ɗebi jini. Idan muka ce, "To maigidan fa, an duba shi?" sai a ce ai shi lafiyarsa ƙalau, ba shi da matsala wajen kwanciya. Wannan amsar ce ta sa muka zauna muka yi ɗan karatu, gwargwadon fahimtar 'yan kasuwa irinmu, a kan yadda jikin namiji ke ƙera irin haihuwa. Za a ga kalmomin da ba a saba faɗa a bainar jama'a ba, a yi mana afuwa. Za kuma a ga ɓeraye da ƙudaje da shanu sun fi mutane yawa a cikin bayanin, domin gwajin da ya fito da wannan ilimi ba a iya yin sa a jikin ɗan Adam, a jikin dabbobi aka yi shi.

Da farko a raba ruwa da iri. Maniyyin da ido ke gani, mafi yawansa ruwa ne da wasu jakunkuna da ke kusa da mafitsara ke samarwa. Irin haihuwar kansa, wato ƙwayoyin nan masu kai da wutsiya kamar 'ya'yan kwaɗi kafin su yi ƙafa, bai wuce kashi biyar cikin ɗari na ruwan ba, kuma ido ba ya ganin sa sai da madubin ƙara girma. Wanda ya fara ba da labarin ganin sa ma ɗan kasuwa ne, Antonie van Leeuwenhoek, mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, a shekarar 1677, da madubin da ya goga da hannunsa. Saboda haka namiji na iya fitar da ruwa mai yawa, mai kauri, alhali babu iri ko ɗaya a ciki. Kusan namiji ɗaya cikin ɗari haka yake, kuma babu yadda zai sani sai an auna.

A cikin 'ya'yan maraina ake ƙera irin, cikin wasu siraran bututu da ke nannaɗe kamar zare. A jikin bangon bututun akwai ƙwayoyin asali, waɗanda za mu iya kwatantawa da irin shuka da manomi ke ajiyewa a rumbu. Suna rabuwa, wasu su tsaya a wurin don gaba, wasu su kama hanya zuwa tsakiyar bututun suna canza kama har su zama cikakken iri. Tafiyar na ɗaukar kwana 35 a jikin ɓera, kusan mako bakwai a jikin rago, wata biyu a jikin bijimi, a jikin mutum kuma wata biyu da 'yan kwanaki. Bayan haka ma sai irin ya bi ta wani dogon bututu, mai tsawon kusan mita shida a jikin mutum, a nan yake koyon iyo.

Wa ke buɗe shafi

Kowace ƙwayar halitta a jiki, ta fata ce ko ta hanta ko ta maraina, tana ɗauke da littafin umarni iri ɗaya, wanda ake kira DNA. Kowane umarni guda a cikinsa shi ne ƙwayar gado, mutum na da kusan 20,000, ɓera ma kusan haka. Littafin a rarrabe yake kundi-kundi, kowane kundi ana kiran sa kuromosom. Mutum na da 46, ɓera 40, tunkiya 54, saniya 60, rabi daga uwa rabi daga uba. Abin ya yi kama da babban kamfanin da ke aika wa kowane reshe littafin farashi guda, amma mai sayar da takalma shafin takalma kawai yake buɗewa. Ƙwayar hanta ba ta buɗe shafin wutsiya. Ƙwayar da za ta zama iri kuwa dole ta buɗe ɗaruruwan shafuka, kowanne a ranarsa, ta kuma rufe shi idan aikinsa ya ƙare. Akwai ƙwayoyin gadon da ba su da wani aiki sai buɗe wasu da rufe su, kuma a kansu ne masu bincike suka fi zuba ido.

Hanyar da ake bi a gane aikin kowacce ba ta da wuyar fahimta. Ana lalata ƙwayar gado ɗaya tak a jikin ɓera, a bar sauran, a jira ya girma, a ga inda aikin ya tsaya.

Zangon farko na yawaita ne, ƙwaya ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, haka har su yi yawa. Ba su wuce wannan zango sai sun samu izini, izinin kuma daga wani sinadari yake zuwa wanda jiki ke yi daga bitamin A. Tun 1925 aka lura cewa ɓerayen da aka hana bitamin A suna daina yin iri. Sai bayan shekara ta 2000 aka gano dalili: sinadarin ne ke buɗe wata ƙwayar gado mai suna Stra8, ɓeran da aka lalata masa ita kuma ƙwayoyinsa na tsayawa cak a bakin zango na biyu. Kada wani ya ji haka ya tafi kanti ya sayo kwalaben bitamin A. Mai cin abinci daidai yana samun abin da ya ishe shi, yawansa kuma guba ne, musamman ga mace mai ciki.

Lissafin alfadari

Zango na biyu shi ne na raba gado, kuma nan ne aikin ya fi tsauri. Tunda ɗa zai karɓi rabi daga uwa rabi daga uba, dole iri ya fita da rabin kundayen, wato 23 a mutum, 20 a ɓera. Kafin a raba, kowane kundi da aka gada daga uwa sai ya nemo takwaransa na wajen uba, su jeru kafaɗa da kafaɗa, su yi musayar wasu shafuka, sannan a ja ɗaya gabas ɗaya yamma. Wannan musayar na cikin abin da ya sa 'yan uwa ciki ɗaya ba su zama kama ɗaya. Jiki kuma yana da mai duba aiki a wannan zango. Idan wasu kundaye suka rasa abokan jeruwa, ƙwayar ba ta wucewa, a nan take mutuwa.

Duk wanda ya san dabbobin fatake ya san alfadari, ɗan jaki da goɗiya, mai ƙarfi da juriya, wanda ba ya haihuwa. Doki na da kuromosom 64, jaki na da 62. Alfadari ya karɓi 32 daga uwa, 31 daga uba, ya tashi da 63. Ba rashin rabuwa biyu daidai ne kawai matsalar ba, kundayen doki da na jaki sun bambanta a tsari, da yawansu ba su iya jeruwa. Jikin alfadari na girma lafiya domin sauran ƙwayoyin jiki ba su bukatar wannan jeruwa, amma a maraina aikin na tsayawa. Abin lura a nan, alfadari namiji na da sha'awa kamar kowane ingarma, yana bin goɗiya, shi ya sa ma masu shi ke dandaƙe shi don ya natsu. Sha'awa da ƙarfi daga sinadarin testostiron suke, wanda wasu ƙwayoyi dabam da ke wajen bututun ke yi. Ƙera iri kuwa aikin cikin bututu ne. Ɗaya na iya lalacewa ɗayan na nan daram.

A birnin Prag na ƙasar Cek, wani masani mai suna Jiří Forejt ya ga irin wannan a tsakanin ɓerayen gida na gabashin Turai da na yammacinta. Idan aka haɗa wasu zuriyoyinsu, 'ya'ya mata na haihuwa, 'ya'ya maza ba su yi, duk da cewa iyayen biyu kuromosom 40 gare su. Ya fara bin sawun dalilin a 1974, bai kai ga ƙwayar gadon ba sai 2009. Sunanta Prdm9, aikinta sa alama a wuraren da kundaye za su yi musayar shafuka. Idan alamar ɓangaren uwa da ta uba suka saɓa, jeruwa ta ɓaci. Shekara 35 a kan tambaya ɗaya. Mu da ke ƙosawa idan kaya suka yi mako biyu a tashar jirgin ruwa, abin ya ba mu kunya.

Ɗaurin kaya

Bayan rabon gado, abin da ake samu ƙwaya ce kewayayya, ba kai ba wutsiya. A zango na uku take zama iri. Mu da muke tafiya gida da akwati mai iyakar kilo 23 mun san aikin: a zubar da abin da ba dole ba, a danne sauran, a ɗaure tamau. Ƙwayar na zubar da mafi yawan abin da ke cikinta, ta fito da wutsiya, ta jera injinan ƙarfi a wuyanta, ta sa hular da za ta huda ƙwan mace. Littafin gadon kansa ana kwance shi daga abin da aka saba naɗe shi a kai, a sake ɗaure shi da wani sinadari mai suna furotamin, wanda ke matse shi fiye da yadda yake a kowace ƙwaya ta jiki.

To amma littafin da aka ɗaure ba ya karantuwa, ga shi aiki bai ƙare ba. Dabarar da aka halicci ƙwayar da ita ita ce ta kwafi umarnin da za ta bukata tun kafin ɗauri, ta ajiye kwafin a kulle na wasu kwanaki, sai lokacinsa ya yi ta buɗe. Kamar matafiyin da ya fitar da fasfo da tikiti ya sa a aljihu kafin ya rufe akwati. Idan aka buɗe kwafin furotamin kafin lokaci, kamar yadda aka gwada a ɓeraye, littafin na ɗauruwa da wuri, aikin ya lalace.

Mai ba da umarnin fara wannan zango wata ƙwayar gado ce mai suna CREM. A 1996 masana a Strasbourg ta Faransa da wasu a Heidelberg ta Jamus, kowane ɓangare da nasa gwajin, suka lalata ta a jikin ɓeraye. Ɓerayen suka girma lafiya, matansu suka haihu, sinadarin mazakuta a jinin mazan bai ragu ba. Amma a cikin bututun, ƙwayoyin sun tsaya a kewayayyu, babu wadda ta yi wutsiya. Idan da za a jera waɗannan ɓeraye da 'yan uwansu masu haihuwa, babu mai iya nuna na banza da ido.

Ba kowace ƙwayar gado ce ke da irin wannan nauyi ba. A 2016 masana a Osaka ta Japan da abokan aikinsu suka ba da rahoton ƙwayoyin gado 54 da suka fi aiki a maraina, suka lalata su ɗaya bayan ɗaya, ɓerayen suka ci gaba da haihuwa. Da alama wasu na da masu riƙe musu aiki. Wasu kuma ba su da mataimaki ko ɗaya.

Kundin da uba kaɗai ke bayarwa

Cikin kundayen akwai biyu da ke raba jinsi. Mace na da X biyu, namiji na da X da Y, kuma Y daga uba kaɗai yake zuwa. Ko wannan ya isa ya nuna cewa gorin da ake yi wa mai haihuwar 'ya'ya mata ba shi da tushe, irin namiji ne ke ɗauke da X ko Y. A nan Landan, a 1990, ƙungiyoyin Peter Goodfellow da Robin Lovell-Badge suka gano ƙwayar gado ɗaya a kan Y, mai suna Sry, wadda ke sa tayi ya yi maraina. A shekarar da ta biyo, suka sa ta a tayin ɓera mai X biyu, wanda da mace zai zama. Ya fito namiji, da gaɓoɓin maza, yana bin mata kamar kowane ɓera, amma bai da iri. Zama namiji umarni ɗaya ya ishe shi, yin iri kuwa na bukatar wasu shafukan Y da babu su a jikinsa, X na biyun ma cikas ne. A cikin mutane akwai mazan da ake haifa da X biyu da Y ɗaya, kusan ɗaya cikin 600, kuma da yawansu ba su sani sai sun je neman haihuwa.

Waɗancan shafukan na Y, a jikin mutane aka fara ganin alamarsu. A 1976 Tiepolo da Zuffardi a Italiya suka duba kundayen maza fiye da dubu masu matsalar haihuwa, suka samu shida da ba su da iri ko kaɗan, kuma dukansu ƙarshen kundin Y ɗinsu ya guntule. A 1995 ɗakin binciken David Page a Amurka ya auna maza 89 marasa iri, ya samu 12 da wani yanki guda ya ɓace musu, a yankin kuma akwai ƙwayar gado da suka sa wa suna DAZ. Ba daga iyaye mazan suka gaji giɓin ba, a lokacin ƙera irin da aka haife su da shi ya auku. Saboda haka cewa "gidanmu gidan haihuwa ne, mu goma sha biyu ne wurin babanmu" ba hujja ba ce.

Aikin DAZ kuwa ƙuda ne ya taimaka aka fahimce shi, ɗan ƙaramin ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓiyar ayaba. A 1996 aka samu 'yar uwarta a jikinsa, mai suna boule. Ƙuda namijin da ya rasa ta, ƙwayoyinsa na tsayawa a bakin zangon raba gado. Wannan dangin ƙwayoyin gado aikinsu kama waɗancan kwafin umarni da sakin su a kan lokaci. A 2003 aka ɗauki boule ta mutum aka sa wa irin wannan ƙuda, rabuwar da ta tsaya ta ci gaba. Umarnin ɗan Adam ya karantu a jikin ƙuda. Wannan ne ya sa ba a ɗaukar binciken ɓera da ƙuda a matsayin wasa.

Makiyayan Jamus ma sun ga nasu. A cikin shanun Fleckvieh, inda ake ɗura wa dubban shanu maniyyin bijimi ɗaya, an samu wasu bijimai da irinsu ke da yawa, yana iyo, kamanninsa daidai a madubi, amma da ƙyar saniya ke ɗaukar ciki da shi. A 2014 masana a Munich suka gano kuskure a wata ƙwayar gado mai suna TMEM95, daga baya gwaji a ɓeraye ya nuna irin da ya rasa ta yana isa ƙwai amma ba ya iya haɗewa da shi. Bijimin da ya gaji kuskuren daga ɓangare ɗaya lafiyarsa lau, sai wanda ya gaje shi ta uwa da uba. Masu auren zumunci sai su lura da wannan salon gado, domin a mutane ma akwai matsalolin iri da ke bin sa.

Abin da ya rage gare mu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, likitoci kuma na lissafa cewa a kusan rabin ma'auratan akwai matsala ta ɓangaren miji, shi kaɗai ko tare da matar. Ba duka ne na gado ba. Akwai toshewar hanya bayan ciwon sanyi, akwai kumburin jijiyoyin maraina, akwai zafi. Maraina na rataye a waje ne domin aikin na son sanyin da ya ɗara na jiki da digiri biyu zuwa huɗu. Ragon da zafin bazara ya buga kan yi makonni kafin irinsa ya dawo daidai, mutumin da ya yi zazzaɓi mai tsanani ma haka. Tunda tafiyar iri ta fi wata biyu, abin da aka auna yau labarin watannin baya yake bayarwa, shi ya sa likitocin ƙasar nan ke sake awo bayan wata uku idan na farko bai yi kyau ba.

Game da magungunan ƙarfin maza da ake aiko mana daga gida ko ake saya a intanet, mu 'yan kasuwa ne, mun san yadda ake tallan su. Ko sun yi aikin da aka ce, a ɓangaren sha'awa suke yi, ba su mayar da shafin da ya ɓace. Allurar testostiron da samari ke yi a wuraren motsa jiki kuwa ɓarna take yi: idan jiki ya ga sinadarin ya yi yawa a jini sai ƙwaƙwalwa ta daina aika wa maraina umarni, iri ya ragu ko ya ƙare, dawowarsa kuma kan ɗauki watanni.

Sanin inda aikin ya tsaya na da amfani ko da ba a iya gyara shi. Tun 1992, da aka fara a Brussels, likitoci na iya ɗaukar iri ƙwaya ɗaya na miji su tsira shi cikin ƙwan matarsa. Mai giɓi a yankin DAZ sau da yawa ana samun ɗan iri a cikin marainansa da za a yi wannan da shi, sai dai duk ɗa namijin da aka haifa zai gaji giɓin, kuma ya kamata ma'aurata su ji haka tun kafin su fara. Akwai wasu yankuna biyu na Y da idan suka ɓace gaba ɗaya ba a samun iri ko an yi tiyata, awon jini na nuna hakan, ya hutar da mutum daga wuƙa da asarar kuɗi. Haihuwa nufin Allah ce, neman sani da magani kuma bai saɓa wa tawakkali ba.

A nan Ingila, idan an shekara ana nema ba a samu ba, ma'aurata su je wurin likitan unguwarsu tare. Idan matar ta haura shekara 35 kada a jira shekarar ta cika. Awon miji shi ne mafi sauƙi cikin duk gwaje-gwajen, ba allura ba ciwo. Ana ƙaurace wa iyali na kwana biyu zuwa bakwai, a zuba a kwalbar da asibiti ya bayar, a riƙe ta a aljihun ciki don kada ta yi sanyi, a kai cikin awa ɗaya. Sakamakon sirri ne tsakanin mutum da likitansa. Wanda Turanci ke ba shi wahala na da damar neman asibiti ya kawo masa tafinta namiji, wanda kuma yake son ɗan rakiya ya same mu ranar Asabar bayan la'asar, a ƙofar baya, inda muke sauke buhunan shinkafa.